Birai Masu Tsabta

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris 2014, ƙarfe goma da kwata na safe, sakamakon jini ya iso cibiyar bincike da ke bayan Lucknow. Biran ɗakin tsabta duk sun kamu da ƙwayar CMV.

Ƙwayar tana bin yawu, fitsari da nono, kuma da wuya a sami birin da ba ya ɗauke da ita. Shi ya sa ake raba waɗannan da iyayensu ranar haihuwa, a shayar da su da kwalba. A kansu Dakta Urmila Saxena take gwada furotin ɗin ɓawon ƙwayar, ko za a dace da rigakafin da zai kare jariran mutane tun a ciki. Aikin ƙuruciyarta ke nan, ya rushe.

Masu gadi suka jawo Ramdhani, tsohon da ke wanke keji. Kowa ya san duk Talata sai ya biya wurin bauta ya ciyar da biran gari.

"Kai tsoho, yau ma ka gaida kawunnan naka?" in ji Jagat Pal, shugaban masu gadi. "Da hannun da suka lasa ka shigo mana?"

"Ɗana, wanka nake yi kafin in shiga. Tambayi uwar ɗakina, ga Dakta nan tsaye."

Gora ta sauka a bakinsa, haƙora biyu suka zube a siminti. Ya kare kansa da hannu, hannun ya karye. Suka tattake shi har ya daina kiran kowa.

"Ranki ya daɗe," ya ce da ƙyar, "ki faɗa musu."

Dakta ta gyara bandejin da ke wuyan hannunta, ta shige ciki.

Da la'asar aka yi wa biran allurar mutuwa, ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙona gawa ya ce lissafi bai cika ba, babu biri ɗaya. Dakta ta ce ya yi aikinsa.

Ramdhani bai kai ƙarshen wata ba.

Waɗanda suka rage: Jagat Pal, a bakin ƙofarsa. Matar Ramdhani, a ƙauye. Dakta Urmila. Sai ɗan biri guda da ta ɓoye a gidanta ranar allurar, wanda a can baya ya ƙi kwalba har ya kusa mutuwa, ta kai shi da hannunta ya sha nonon uwarsa, sannan ta mayar da shi ɗakin tsabta ba ta gaya wa kowa ba.