Tudu a Cikin Tire

Su biyu ne, uba da 'yarsa, a gidan haya a titin Gate City Boulevard, can ƙasar waje. Ba su rasa ci da sha ba, ranar zuwa gida Filato kawai suka rasa. Kullum ta tambaya, sai ya ce, "Baɗi."

Ran Asabar ta baje aikin makaranta a kicin: tudun ƙasa a cikin tire. Ta ƙwaƙule ramuka da cokali kamar masu haƙar ma'adinai, ta mayar da ƙasar ta daddanna, ta kafa ɗan gidan kwali a gindin tudun.

Uban yana ta kai-kawo, ya zauna, ya tashi.

"Baba, zo ka ga damina!"

Ta tuttula ruwa. Tudun ya narke, ya binne gidan. Ta fashe da dariya. Kafin ta ankara, ya sa hannu yana tare lakar, yana mayarwa sama, tana silalewa ta tsakanin yatsunsa.

"Baba, wasa ne fa! Akwai sauran ƙasa a buhu."

"Haka muka ce mu ma. Sau uku muna cike ramukan haƙar kuza a tudun da ke saman gidan kakanki, muna dasa itatuwa. Saiwa tana son shekaru, ruwa kuwa ba ya jira."

Ya zaro gidan kwalin, ya goge shi da bakin rigarsa.

Nan ta gane ba tsadar jirgi ce ta hana su tafiya ba. Gidan ne babu.