Bikon Dochia a Jirgin Daji

Tsohon jirgin ƙasa mai hayaƙi yana jan jiki cikin dajin Maramuresh, Grigore kuwa yana biye da shi a ƙasa, daidai tagar da matarsa Dochia take zaune. Yaji ta yi, za ta gidan yayarta.

"Dochia, ki saurare ni mana. Suɓutar baki ce."

"A gaban baƙi ka ce miyar kabejin uwarka ta fi tawa. Je ka ta dafa maka."

Masu yawon buɗe ido suka leƙo ta tagogi. Wata tsohuwa ta ce, "'Yata, ki tausaya masa, dubi yadda yake haki."

Grigore ya tsinko furen daji, ya miƙa mata yana sassarfa. "Na rantse taki ta fi. Ta Mama gishiri yana mata yawa."

Dochia ta yi dariya ta karɓa. Tarago ya kaure da tafi.

"Shi ke nan, na haƙura," in ji ta. "Yanzu koma kan tuƙinka, mun kusa gada."

Tafin ya tsaya cak. Sai a lokacin fasinjoji suka lura da hular direba a kansa.