Mai Gyaran Agogo Ne Ya Kashe Ta

Hajiya Fatsuma ta sake saka faifan nan bayan la'asar. Alhaji Braimah ya ji kiɗan farko tun yana naɗe darduma, ya san kashi na uku ne.

Tsoffin labaran wani ɗan binciken Ingila ne aka sake yi a zamanin waya da kwamfuta. 'Yarsu Muniratu ce ta kawo faifan a watan Afrilu, lokacin da aka sallamo Alhaji daga asibiti bayan ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci. Kashi shida ne a ciki. Tun watan Satumba Hajiya ba ta saka kowanne sai na uku.

Ta zauna a gefen kujera, ta gyara mayafi.

"Alhaji, ka taɓa ganin wannan?"

"A'a."

Ya gan shi sau goma sha uku. Ya san inda gawar matar take, ya san takalmin da aka bari a matakala, ya san mai gyaran agogo ne ya kashe ta. Amma shekara arba'in da ɗaya ke nan, tun daga Kumasi har unguwar Parkchester ta ƙasar waje inda suke zaune yanzu, bai taɓa ba matarsa kunya ba. Ranar da ta fara maimaita faifan ya ga yadda ta yi tambayar, muryarta na rawa. Sai ya ce a'a. Daga ranar bai ga ƙofar da zai fita daga wannan a'a ɗin ba.

Ya san irin wannan ciwon na mantuwa. Ya ga yadda ya kama matar Abukari, abokinsa na garejin tasi. Ta fara da maimaita magana, ta ƙare a gidan kula da tsofaffi, inda babu mai jin Hausa, babu mai nuna mata alƙibla. Wata bakwai ta yi a can. Braimah ya yi alkawari a ransa ba za a kai Hajiya wurin nan ba muddin yana numfashi.

Sai dai ɓoyon yana ƙara wuya. Makullin motarsa ya ɓace sau uku. Sau ɗaya ya same shi a cikin bokitin shinkafa, sau ɗaya a cikin safarta. Ya daina fita aikin safe ma, don kada ya bar ta ita kaɗai da murhun gas. Ta koma tana tashi ta bi shi har ƙofar lif mai sauke mutane daga bene, tana tambayar ina za shi, da wa, yaushe zai dawo. Ko fim ɗin ba ta kallo sosai. Fuskarsa take kallo.

Idan ɗan binciken ya nuna mai agogo a ƙarshe, Braimah yakan girgiza kai ya ce, "Kai, ban zata shi ne ba." Ita kuma ta tashi ta shiga kicin ta daɗe.

Ya gaji. Gajiyar ta fi ta shekara ashirin da ya yi a bayan sitiyari.

Ranar Lahadi Muniratu ta zo daga unguwar Port Richmond. Ya ji su suna ƙus-ƙus a ɗaki, uwar da Hausa, 'yar da Turanci. Ya tsinci kalma biyu: nas, da Alhamis. Da ta fito ya tare ta.

"Ba na son baƙi a gidan nan."

"Baba, it's just questions. Tambayoyi ne kawai."

"Uwarki lafiyarta lau."

Muniratu ta dube shi, ta sa jakarta a kafaɗa, ta tafi kama jirgin ƙasa.

Ranar Alhamis nas ɗin ta zo. Lilian Dung, 'yar Jos, da fayil a hannu. Ta gaishe su da Hausa, ta rusuna, ta zauna tana fuskantar su biyun. Braimah ya jawo kujerarsa ya shiga tsakaninta da Hajiya.

"Yau wace rana ce?" in ji nas.

"Alhamis," ya ce, kafin Hajiya ta buɗe baki.

"Wane wata?"

"Oktoba."

"Me aka ci da safe?"

"Koko da ƙosai."

Duk tambayar da ta jefo sai ya cafe. Nas ba ta hana shi ba, tana dai rubutu. In aka ci gaba a haka, za ta tafi ba ta gano komai ba.

Sai Hajiya ta miƙe, ta ɗauki rimot. Kiɗan ya tashi. Ya so ya riƙe hannunta, amma ba a gaban baƙuwa ba.

Ta zauna a gefen kujera. Ba ta dube shi ba wannan karon.

"Alhaji, ka taɓa ganin wannan?"

Nas ta ɗaga biro tana jira. In ya ce e, ya tona asirin matarsa da bakinsa, a gaban mai fayil. Ya dubi allon, ya dubi takalmin da ke kan matakala.

"A'a," ya ce. "Sabo ne."

Hajiya Fatsuma ta kashe talabijin. Ta share ido da bakin mayafi, ta juya wajen nas.

"Kin ji ko, 'yata. Tun Satumba nake saka masa wannan ɗaya, yadda likitansa ya ce in gwada shi. Yau sau goma sha biyar ke nan, ko sau ɗaya bai gane shi ba."