Zaman Natsuwa a Tungar Sahabi

"Ku lumshe ido," in ji Hajiya Turai. "Ku bi numhwashi ya shiga, ku bi shi ya hita. In tunani ya zo kada ku kore shi, ku bar shi ya wuce kamar baƙon da ba gidanku ya nuhwa ba."

Mata goma sha huɗu ne zaune a tsakar gidan Inna Dije, a Tungar Sahabi, tafiyar awa guda a babur daga Nasarawa Burkullu. Babu wadda ba ta binne ɗa ba a shekarar da ta wuce. Rahina uku ta binne.

Kafin wannan masifa, sana'ar matan ƙauyen dakan dutse ce. 'Yan aike su sauke buhunan duwatsun zinariya a ƙofar gida, mata su daka, a dawo a kwashe garin. Turmin gero shi ne turmin dutse. Mai kayan kuwa ba wanda ya taɓa gani, "na birni" kawai ake cewa. Sai yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Da likitoci suka zo suka ce dalma ce a cikin ƙurar, guba ce. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, mata suka rantse sun bar dakan dutse har abada.

Ɗa ɗaya ya rage wa Rahina, Khalifa, ɗan shekara huɗu da ya daina magana. Duk bayan mako biyu tana goya shi zuwa Anka karɓar magani. Barci ya ƙaurace mata, tuwo yana ƙonewa tana kallonsa, hannunta yana rawa har ludayi ba ya zama a cikinsa.

A wannan hali Hajiya Turai ta same su. Daga Gummi take, ta ce an koya mata yadda ake kwantar wa masu baƙin ciki hankali, ta ga bai kamata ta zauna da ilimin ba. Ba motar wata ƙungiya da ke kawo ta, ita ke ɗaukar ɗan acaɓa duk Alhamis. Tana zuwa da kujerar roba da gorar ruwanta. In an kawo mata fura sai ta ce gyambon ciki ya hana ta. Matan suka ce halin mutanen gari ne.

Ranar farko Rahina ta buɗe ido tun ba a je ko'ina ba.

"Ni ba numhwashi nika so ba, Hajiya. Wanda yak kawo muna dutsen ga nika so in gani da idona."

Hajiya ba ta yi mata wa'azi ba. Ta matso da kujerarta.

"Ina kika jin hushin ga a jikinki, ɗiyata?"

"Ƙirji."

"To dube shi. Kak ki ba shi suna, kak ki nema mai mai shi. Ya zo, za shi wuce."

Abin kuwa ya yi aiki. A mako na huɗu Rahina ta yi barci har aka tashe ta sallar asuba. A na shida ta cinye tuwonta. Ranar da jijjiga ta kama Khalifa, maimakon ta kwarma ihu kamar da, sai ta kwantar da shi a gefensa, ta bi numfashinta har jijjigar ta sake shi. Ta yi kuka bayan haka, kukan godiya.

Rahina ce a da take tara mata don a je wurin hakimi a nemo mai duwatsun. Da Inna Dije ta tuna mata, sai ta ce a bari tukuna, ba ta son ta tono abin da ya kwanta.

Damina ba ta yi kyau ba. Tun kafin zafi ya shigo rumbuna suka yi ƙasa. Hajiya ta kawo sabon darasi. Ta ce hannun da ba ya komi shi ke kiran tunani, kuma ko aiki ana yin sa da natsuwa. Ta sa aka kawo turmi da gero.

"Ku bi taɓarya ta tashi, ku bi ta ta sauka. Ba jiya, ba gobe, sai bugun ga."

Bayan kowane zama takan sa su miƙa hannuwa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba ko suna rawa. Na Rahina ya tsaya cak.

Alhamis ta goma sha biyu ita ce ta bankwana. Rahina ta raka ta zaure, ta yi ƙasa da murya.

"Hajiya, da mutum zai daka dutse can bayan gida, nesa da yara, anya akwai laihi? Hatsinmu ba ya kai wata."

"Wagga ba tawa ba ce," in ji Hajiya. "Ki zamna, ki natsu, ki ji abin da zuciyarki za ta ce."

Rahina ta kama kazarta guda, mai ƙwai, ta ba ta. Matan suka bi ta da addu'a har bakin ƙofa, Allah ya saka, Allah ya jiƙan mahaifa.

Suna ɓacewa daga ƙauyen Hajiya ta bar wa ɗan acaɓa kazar. A kan tudun da waya ke kamawa ta ce ya tsaya, ta sauka, ta yi nisa da shi, ta kira direban motarta.

"Dikko, buɗe sito ka lodo duwatsuna da sunka shekara jibge. Gida tara sun natsu. Ka hwara da na Rahina, ta bar tambayar mai kaya."