Takardun Roscoe

Ranar Alhamis Delbert Pruitt ya kaɗa jitarsa a waƙar ƙarshe ta faifansu na ƙarshe.

Shekara goma sha tara ke nan ba ya magana da Roscoe, mawaƙin ƙungiyarsu. Ko a ɗakin ɗaukar sauti na birnin Memphis raba ranaku suka yi. Roscoe yakan rera Litinin, Delbert ya ɗora kiɗa Alhamis. Kullum sai ya tarar da takarda a kan kujerarsa. Ta ranar cewa ta yi: "Tsoho, yatsun ne suka mutu, ko jitar ce surukarka?"

Delbert ya yi ta kaɗawa har tsirkiya ta yanke shi.

"Kira min uban naki," ya ce wa Wanda, 'yar Roscoe, wadda ke ɗaukar sautin. "Yau baki da baki zan gaya masa."

Wanda ta kashe na'urar. "Baffa Del, kwana goma sha biyu ke nan da muka binne Baba."

"To wa ke zagina?"

"Shi ɗin dai. A asibiti ya rubuta takardun, kowacce da ranarta, ni nake ajiye maka su. Ya ce in ka ji ya mutu, kiɗan tausayi za ka yi masa, ka ɓata faifan. Wai ba ka iya kiɗa sai kana jin haushinsa."

Delbert ya dubi jinin da ke yatsansa. Abin takaicin shi ne, mutumin ya yi gaskiya.

Ba zagi ya so ramawa ba. So ya yi ya ce, "Roscoe, ban taɓa jin ka rera kamar haka ba."