Mai Bin Bututu da Ƙaramin Asibiti

Kai da ka ce asibitin da aka rubuta a katinka bai yi maka ba, saurari wannan misali. An yi wani ma'aikacin hukumar ruwa, aikinsa bin bututu a ƙafa, lungu-lungu, yana neman inda ruwa ke yoyo. Ƙafarsa ita ce jarinsa. A wurin aiki aka ba shi katin inshorar lafiya, aka haɗa shi da ƙaramin asibitin unguwarsu. Sau ɗaya ya leƙa. Ya ga fenti ya ɗaye, awaki na kwance a gindin katanga, mata masu goyo sun cika benci suna jiran awo. Ya ce a ransa, ina magidanci mai kaki ina zama cikin masu jego? Ya juya, bai ko yi sallama ba.

Wata rana ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa. Ciwo kamar ƙwayar gero, amma mako uku bai kame ba, ga ƙishirwa da ba ta jin ruwa. Ya ɗauki katinsa ya nufi babban asibiti mai benaye, inda yake ganin can ne magani yake. Aka ce masa sai da takarda daga ƙaramin asibitinsa. Nan ya yi zuciya, ya biya kemis ya sayi ƙwayoyi, ya naɗe ƙafar da tsumma, ya cusa ta cikin takalmin aiki. Matarsa ce ke wanke masa ita kullum da ruwan ɗumi da gishiri, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ran nan ta ɗago kai ta ce, "Malam, ina murza yatsun nan ba ka ko motsa ba. Don Allah mu je nan kusa, ni zan bi maka layin." Ya yi murmushi ya ce, "Wurin da ko fenti ya gagare su ne za su iya da ƙafata?" Ta ci gaba da wanki, idonta na kawo ruwa. Damina ba ta fita ba sai da aka shiga da shi babban asibitin nan a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ciwon suga ne ya daɗe yana cin sa. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da aka sallame shi, aka ce ya riƙa zuwa wankin ciwo a asibitin unguwa. Ya je yana dogara sanda, ɗaya hannun a kafaɗar matarsa. Wata dattijuwar nas ta karɓe shi, hannunta da sanyi, ta gyara ɗaurin ba tare da ya ji zafi ba. Sannan ta ɗan soki yatsarsa, ta ɗiga jini a kan wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, nan take ta faɗa masa yawan sugansa. Ya tambaye ta ko na'urar sabuwa ce. Ta ce, "A'a, Baba, ta shekara biyar a nan." Ya daɗe yana kallon na'urar, bai yarda ya haɗa ido da matarsa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.