Takobi da Ƙahon Baba

Tsohon Baturen ya dire akwatin takardu a gabanta, ita kuwa ko shayinsa ba ta taɓa ba. Shi ne magatakarda na ƙarshe na wata ƙungiya mai ba mutane tambarin zuri'a. Da ta ruguje, tarihinta na shekara sittin ya ƙare a ɗakin ajiyarsa a garin Greenbelt na Amurka.

Ta daɗe tana zarginsu. Tambarin da suka ba marigayi babanta har yau yana rataye a falonsu a garin Laurel: garkuwa, takobi da ƙaho. Kowane baƙo sai Baba ya nuna masa, ya ce, "Kayan aikin kakanninmu ke nan, maza." Amma a Kano ba ta taɓa jin an kira gidansu gidan mayaƙa ba.

"Ku kuka ƙaga masa asali, ko?" ta ce.

"Ba mu taɓa ƙaga wa kowa ba. Abin da mutum ya kawo muke zanawa."

Ya zaro hoton da Baba ya aiko musu: 'yar wuƙa siririya da ƙaramin ƙaho mai huda a tsini, kwance kan tsohuwar zabira.

"Babanki ya ce kakanninsa sun sha zubar da jinin sarakuna, ba wanda ya hukunta su. Jarumai ne, ko?"

Ta daɗe tana kallon aska da ƙahon wanzamai.

"Ƙwarai," ta ce. "Sarki ma sunkuyar musu da kai yake yi."